Kujerar hawa bene da bayan ƴaƴan talakawa

Wata uku ke nan Inna ba ta taka tsakar gidanmu da ƙafarta ba. Hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ɗakinta kuma yana sama. Matakala 17 ne tsakaninta da ƙofar gida. Na san adadinsu don ni da ƙanena ke saukar da ita duk ranar zuwa gashi a asibiti, shi ya kama kafaɗu, ni ƙafafu, ita tana rufe fuska da mayafi. Ran nan a tsakiyar matakala ta ce: "Ku yi haƙuri, na zame muku kaya." Wallahi har yau maganar nan tana cina.

Kuma laifin namu ne, ba zan ɓoye ba. Mu muka haɗa kuɗi muka yi benen, muka ce Inna ta hau sama ta sha iska, a san ta haifa. Mun yi gardama kan kalar tayil har dare, amma babu wanda ya tambayi magini: in ta tsufa fa?

Ana cikin haka wani ɗan uwanmu da ke Faransa ya turo bidiyo a WhatsApp na dangi. Wata tsohuwa ce ta zauna kan kujera, ta danna maɓalli, kujerar ta bi wani dogon ƙarfe da aka kafa a gefen matakala ta kai ta sama lafiya lau. Sai tafi ya tashi: "Kai, Bature ya yi nisa!" Ni kuwa na tambayi kuɗin.

In matakalar miƙaƙƙiya ce, a can ana kafa ta daga wajen yuro 3,000 zuwa sama. In tana da kwana kamar tamu, sai an ƙera ƙarfen daidai da gidan, kuɗin yana iya haura yuro 10,000. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. Ke nan mafi arhar tana neman miliyan 2, mai kwana kuma ta wuce miliyan 6 da rabi, ban da jigila da kuɗin duwan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Mai wannan albashi sai ya yi kusan shekara 4 bai ci ba bai sha ba kafin ya kai ga mafi arhar. Ko an kawo ta, da batir take aiki, batir kuma sai da wuta, kun dai san halin wutarmu lokacin zafi. Ga ƙurar hunturu. In ta lalace wa zai gyara a Maradi ko Damagaram?

To, ita waccan tsohuwar ta bidiyo, ina ta samu kuɗin? Nan ne abin da masu tafi suka tsallake. Tun 1 ga Janairun 2024 Faransa tana da tallafi mai suna MaPrimeAdapt', wanda ke biyan kashi 50 ko kashi 70 cikin 100 na kuɗin gyaran gida ga tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi, a kan aikin da bai wuce yuro 22,000 ba. A Ingila ƙananan hukumomi suna ba da irin wannan tallafi har fam 30,000, bayan an duba abin da mutum ke samu. Ba don tausayi kaɗai suke yi ba, lissafi suka yi: tsohon da ya faɗo daga matakala ya karye a ƙugu ya fi cin kuɗin gwamnati a kan wanda aka gyara wa gida. Abin a yi wa tafi ke nan, ƙasar da ta sa tsufan mutanenta cikin kasafin kuɗi.

Mu kuwa kujerar hawa benenmu bayan ƴaƴa ne. Galibi ma bayan ƴa mace ko suruka, wadda za ta bar lakwal ko ta rufe sana'arta don jinya. Kuɗin ana biyansa kullum, sai dai ba ya fitowa a takardar kowa.

Na san me wasu za su ce: ƙasar da ke fama da matsalar tsaro da tsadar hatsi, ina ita ina maganar matakala? Ni ban ce gwamnati ta sayo wa Inna inji daga Turai ba. Abin da nake nema siminti ne da tunani. Gangaren da keken guragu zai hau, ƙa'idarsa a kowane santimita 1 na tsawo a ba shi santimita 12 na shimfiɗa, wato dakali mai santimita 30 yana buƙatar gangare mai mita 3 da santimita 60. Ƙofa mai faɗin santimita 90. Bayi na zama da ƙarfen dafawa a bango. Ɗaki ɗaya a ƙasa. In an sa waɗannan tun a taswirar gida, kuɗinsu bai kai na ƙofar ƙarfe mai ado da muke alfahari da ita ba. Sai an gama gini a zo ana fasa bango ne suke tsada.

Wasu kuma za su ce ai lalura daga Allah take. Haka ne. Amma matakala daga magini take.

Kuma ba doka muka rasa ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, ta kuma yi dokarta a 2019 kan shigar da su cikin harkokin rayuwa. Yanzu ku zagaya garinku ku ƙirga ofisoshi da lakwal da wuraren shan magani nawa mai keke zai shiga ba tare da an ɗaga shi kamar buhu ba. Wasu gangaren ma da aka yi, tsayinsu sai ka ce na hawan babbar mota, an yi ne don hoto.

Don haka abu uku nake nema. Ma'aikatun magajin gari su daina sa hannu a takardar izinin ginin jama'a in babu gangare na ƙa'ida. A buɗe ƙaramin asusu a kowace jiha na gyaran gidajen tsofaffi da naƙasassu marasa ƙarfi, ƙungiyoyinsu irin su FNPH su zauna a teburin rabo, a riƙa manna sunayen unguwannin da aka yi wa aiki kowa ya gani. Na uku kuma namu ne, mu matasa masu tara kuɗin gini: kafin a zuba dakin, a fitar da ɗakin tsoho a ƙasa.

Mu dai mun fasa falon baƙi, magini yana faɗaɗa ƙofa. Ranar Juma'a in Allah ya yarda Inna za ta sauko saukowar ƙarshe a hannunmu. Kai da ke riƙe da taswirar gidanka a waya, buɗe ta yanzu ka duba inda ka sa ɗakin mahaifiyarka. Gidan nan kai ma a cikinsa za ka tsufa.