Ledar da Muke Bari a Kwanar Dangora

'Yan'uwana ɗalibai, ga hutu ya ƙarato, kowa ya fara ɗaure kayansa. To kafin a watse, ina so in jawo hankalinmu ga wani abu da na daɗe ina gani a hanyar gida, wanda ni kaina ban kuɓuta daga laifinsa ba.

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babban titi. A nan direba kan tsaya, masu talla su yanyame mota, a sayi rake da dafaffen ƙwai da ruwan leda, watau fiya-wata. Mota na tashi, sai a shiga jefo abubuwa ta taga. Ɓawon rake bai dame ni ba, domin akuya za ta ci wani, ƙasa ta cinye saura. Leda ita ce abin magana. A jajiberin Sallah, sa'ad da motoci ke bin juna kamar jerin gwano, sai ka ga gefen titi ya yi fari fat.

Abin lura shi ne, gorar roba da gwangwanin lemo ba su cika kwana a ƙasa ba. Yaro zai tsince gorar, a wanke ta a ɗura zoɓo ko kunun aya. 'Yan jari-bola su auna gwangwani a sikeli, masu zubi su narkar da shi ya koma tukunya. Tsohuwar roba kuwa a niƙa ta a Kano, ta dawo kasuwa a matsayin buta ko bokiti. Ba wani ne ya koya mana wannan hikima ba, tun da iyayenmu sun yi fitilar aci-balbal da gwangwanin madara, sun yanka takalmi daga tsohuwar taya. Amma fa ciniki ne, kuma ciniki riba yake bi. Ledar fiya-wata sai an tara ɗaruruwa kafin sikeli ya nuna kilo guda, saboda haka a bakin hanya ba mai sunkuyawa dominta.

To ina take zuwa? A tambayi mahauci abin da yake tararwa idan ya farke tumbin saniya ko na tunkiya. Dunƙulen leda ne, ya murɗe kamar igiya. Dabbar takan yi ta ramewa, makiyayi yana ta sayen magani a banza, alhali kuwa cutar tata daga tagar mota ta fito. Wadda dabba ba ta haɗiye ba, ruwan damina ya kwashe ta. Mu tuna Kogin Kano ta dajin Falgore yake ratsowa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma da ruwanta ake noman shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura. Idan kuma aka share aka cinna mata wuta, mai tallar da ke wuni a bakin titi ita ke shaƙar hayaƙin.

Wani zai ce wannan aikin hukuma ne. Haƙiƙa Ruwanda ta haramta ledar zuba kaya a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas ma ta hana farin mazubin abinci na soso a 2024. Sai dai ni ba na cikin masu cewa a hana fiya-wata gobe da safe. Matafiyin da ya shiga mota cikin zafin bazara tilas ya sha ruwa, kuma kafin a raba shi da leda sai an ba shi famfon da zai amince da shi.

Abin da nake roƙo bai kai nan ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro da salka da gora suka yi tafiyar watanni, mu kuwa tafiyar 'yan sa'o'i ce, gora guda da aka cika daga ɗaki ta isa. Wanda ya sayi na leda, ya riƙe ledarsa har ya sauka. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, idan sun ɗauki shatar mota, su rataya buhu a bayan kujerar direba. Sa'an nan shugabanninmu su je su gaida shugabannin direbobin kwanar, a nemi ajiye duro ko da biyu ne, a kuma samo ɗan jari-bolar da zai riƙa kwashewa, domin ledar da ta taru wuri ɗaya ta isa hawa sikeli.

A hutun da ya wuce na gwada cusa ledojina a aljihun jaka. Wani dattijo da ke kusa da ni ya yi ta kallona, can ya ce, "Ɗana, me za ka yi da su?" Na yi masa bayanin tumbin saniya. Bai ce komai ba. Da muka wuce Tudun Wada ya shanye ruwansa, sai ya miƙo mini ledar.