Zauren Uwargida: Ɗakin Kaka Da Muka Raina

Dogon hutun makaranta yana tafe, na kuma san a gidaje da dama an fara shawarar inda za a kai yara. Saboda haka a wannan wata zancenmu a kan masauki yake, musamman ɗakin ƙasa na ƙauye, wanda da yawa daga cikinmu muka fara jin kunyarsa.

Kafin mu zo gida, bari mu leƙa wasu ƙauyuka na bakin teku a nan Afirka ta Yamma, mu ga irin ɗakunan da baƙi suke biyan kuɗi su kwana. A Jamhuriyar Benin, arewa da Kwatano, akwai garin Ganbiye da aka kafa a tsakiyar tafkin Nokuwe. Gidajen na katako ne, a kan dirkoki da aka kafe cikin ruwa, kasuwarsu ma a cikin kwale-kwale mata suke cin ta. Kakanninsu gudun masu kamun bayi ne ya kai su can, amma yau har masaukan baƙi ake ginawa a kan dirkokin, mutane na tahowa daga Turai don su kwana a saman ruwa. A ƙasar Senegal kuwa, a Palmarin, akwai masaukin da aka ɗora ɗakunansa a kan itatuwan kuka. I, ita dai kukar nan da muke miya da ganyenta.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na yankin Kasamas, a kudancin Senegal. Tun shekarun 1970 ƙauyukan can suka fara gina masaukai da ƙasa da ciyawa, irin ginin kakanninsu. A ƙauyen Enamfor, masaukin gida ne kewayayye, rufinsa ya gangaro ta ciki kamar mazurari, yana tara ruwan sama a tsakar gida. Mutanen gari ne ke kula da shi, su ke dafa wa baƙi abinci, ribar kuma a zuba ta a aikin gayya kamar ɗakin shan magani da azuzuwan makaranta.

Ba ina cewa mu kwaikwayi duk abin da ake yi a irin waɗannan wurare ba ne. A wasu ana sayar da giya, ana yawo babu sutura, wannan kuwa ba namu ba ne. Abin lura dai shi ne, mutanen nan ba su raina ginin iyayensu ba, sai ga shi duniya ta girmama shi.

To mu fa? Mu nan Kalmalo ba mu da teku, tafkinmu ma ruwansa ya ragu tun da aka gina madatsu a kan kogin Majiya a ɓangaren Nijar. Amma saukar baƙi gadonmu ne. Ga kasuwar Illela, ga Birnin Ƙonni a maƙwabta, fatake sun daɗe suna kwana a zaurukan gidajenmu. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, mun ga yadda matafiya da direbobi suka maƙale, aka san darajar wanda ya ce wa baƙo "shigo ga tabarma." Addininmu ya ba baƙo haƙƙin liyafa na kwana uku, abin da ya ƙaru a kai sadaka ce, ba a kuma ce sai mai ɗakin siminti ba.

Duk da haka, yau sai ki ji uwa tana cewa ba za ta kai 'ya'yanta gidan kakarsu ba, wai babu wuta, wai ɗakin ƙasa ne. In ma an je, a wuni a juyo, ko a kama ɗaki a otal cikin gari. Yaro ya tashi bai san ɗakin da aka haifi ubansa ba, bai san 'yan uwansa ba sai a waya. Tsohuwa kuma ta yi shara, ta cika randa, ta dama fura, a ƙarshe ta kwana ita kaɗai. 'Yar uwa, wannan yanke zumunci ne a hankali, kuma abin da kika koya wa ɗanki a kan kakarsa, shi zai yi miki.

Shi ɗakin ƙasa ba abin kunya ba ne. Katangar tubali mai kauri tana hana zafin rana shiga da wuri, shi ya sa da bazara ya fi ɗakin kwano sanyi, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Kulawa kawai yake so. Ga abin da nake ba da shawara kafin a tafi:

Na farko, tunda dogon hutu da damina yake zuwa, ki shawarci maigida a aika da kuɗin yaɓe, a duba azara, a gyara indararo. Kuɗin kwana biyu a otal zai yi aiki mai yawa a nan, kuma amfaninsa ya zauna wa tsohuwa.

Na biyu, kowane yaro da gidan sauronsa. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a wannan lokaci.

Na uku, a tafi da fitila mai caji ko mai sola, a riƙa kakkaɓe shimfiɗa da takalma saboda kunama. A sa wa masai murfi, a tafasa ruwan shan ƙanana.

Na huɗu, a raba makwancin maza da mata ga waɗanda suka kai shekara 10, kamar yadda shari'a ta koyar. Kada a bar allo da Alƙur'ani a gida, a haɗa su da malamin unguwa ko da na awa ɗaya ne kullum.

Na biyar, ki kame bakinki. In kika yatsina fuska a ƙofar ɗakin, yaran ma za su yatsina. In kika shiga da sallama da fara'a, kika durƙusa kika gaida surukarki, sun ɗauki darasin da ba a bayarwa a aji.

Allah Ya ba mu ikon sada zumunci, Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.

Taku har kullum,
Malama, daga Kalmalo, Illela, Jihar Sakkwato.