Na'ura Ma Tana Tauye Mudu

Duk mai awo a kasuwar Illela ya san tiyar da aka bubbuge wa gindi ɓarauniya ce, ko da mai ita liman ne. Amma da an ce "na'ura", sai mu miƙa wuya. Shugabanninmu sun fi kowa wannan cuta: a sayo, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, a watse. Wanda zai daidaita awonta kuwa, ko oho.

Tsallaken Illela Ƙonni ce, kuma a da motocin yuraniyom na Arlit sun yi shekara da shekaru suna bi ta can zuwa Kwatano. Don haka mai cewa iyakar nan tana buƙatar na'urar gano sinadaran nukiliya bai yi ƙarya ba. Sai dai ya san abin da ke cikinta?

A cikin yawancin irin waɗannan na'urori akwai bututun ninka haske. Ƙwayar haske ɗaya ta faɗa masa, ya saki ilektiron ɗaya, ya yi ta ninka shi hawa-hawa har ya kai miliyan. Ninkin nan ba ya tsayawa wuri guda. Zafi na canza shi, tsufa na canza shi, kuma ko a duhu bututun yakan yi motsin ƙarya. Shi ya sa masana ke haska masa ɗan haske kaɗan sau dubbai, su dora sakamakon kan lissafin Poisson, su ware amo daga gaskiya. Sannan su gwada shi da siziyom-137, wanda aka san ƙarfinsa. A Super-Kamiokande ta Japan, bututu kusan 11,000 ake bi da wannan ɗawainiya.

To, a kawo shi Illela a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, babu mai lissafi. Motar takin zamani ta sa shi ihu, a tsare direba kwana biyu. Ko kuma ya yi gum, abin tsoron ya wuce.

Za a ce sai Bature ya zo. Ƙarya ne. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana sarrafa tukunyar nukiliya tun 2004. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na yaye ɗaliban lissafi da fiziks kowace shekara, da yawansu suna zaman jiran aiki.

Duk kwangilar na'ura da ba ta ware kuɗin horar da su da albashinsu ba, tauye mudu ce da kuɗin talaka. Kada a sa mata hannu.