Likitar Haƙoran da Ta Ajiye Awartaki Ba Ta Gudu Ba

Tun ranar da ƙudurin ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, cikin Afrilun 2023, aka samu sabon mudun auna likitoci: wanda ke tsaye a asibiti ɗan kishin ƙasa ne, wanda ya matsa ya ci amana. Ƙudurin ya nemi a riƙe cikakken lasisin likita da na likitan haƙori sai sun yi wa ƙasa aikin shekara biyar. Don masu tafiya Ingila da Saudiyya aka yi shi, amma kaifin tunanin ya sauka har kan waɗanda ko fasfo ba su nema ba. Likitar haƙoran da ta ce za ta bar ɗakin cire haƙori ta koma wayar da kai a makarantu da gidajen rediyo, da masu guduwa ake lissafa ta. Manyanta su ce ta zubar da shekara shida na jami'a, 'yan'uwa su ce ta koma malamar tsafta.

Wannan magana ba ta da tushe, kuma Sakkwato ta isa shaida.

A can akwai asibitin yara masu cutar noma, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. Cutar tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, yawanci waɗanda tamowa ko ƙyanda ta riga ta raunana. Takan fara da kumburin dasashi, jini, da warin baki. Cikin kwanaki kaɗan ta huda kunci, ta ci leɓe, wani lokaci har hanci da ƙashin muƙamuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Wanda ya rayu sai an yi masa tiyata sau da yawa kafin ya iya buɗe baki ya ci tuwo. Amma a matakin farko, wanke baki, abinci mai gina jiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta sun isa su tsayar da ita. Wa zai gaya wa uwar da ke ƙauyen Zamfara ko na Damagaram cewa jinin dasashin nan ba na fitar haƙori ba ne, ba kuma iska ba ce? Likitan da ke zaune a birni yana jiran layi ba zai taɓa ganin yaron ba sai kunci ya huje, in ma ya gan shi ke nan.

Najeriya ce ta jagoranci neman Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma aka amince a Disambar 2023. An yi murna, an yi jawabai. Duk da haka har yau wanda ya ce zai ba da rayuwarsa ga rigakafin cutar ana yi masa kallon wanda aiki ya gagara.

Masu suka za su ce likitocin haƙori sun yi ƙaranci, kowane hannu ana bukatarsa. Ai ƙarancin ne ma hujjar. Ko duk ɗaliban da Maiduguri da Kano ke yayewa sun kwana a asibiti, ba za su cike ramukan haƙoran Arewa ba, balle talakan da ke zuwa sai ciwo ya hana shi barci, lokacin da ba abin da ya rage sai cirewa.

Ga sukari kuma. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kusan cokalin shayi goma sha biyu a yini. A teburin mai shayi kofi ɗaya kan kwashe rabin haka, ga madara mai zaƙi a kai. Yara kuwa alawa da cingam da lemon kwalba daga safe har magariba. Gwamnati ta sa harajin naira goma a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, naira goman da ba ta sayen ko alawa ɗaya yanzu. Ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, kamfanonin man goge baki su je makarantun kuɗi su raba buroshi, a ɗauki hoto, a watse. Tsangaya da islamiyya ba mai leƙawa, alhali a nan ne asuwaki yake da daraja tun fil'azal, kuma malami ɗaya da aka fahimtar zai gyara bakin yara ɗari. Wanzamin da iyaye ke fara kai wa yaro in bakinsa ya kumbura, shi ma ba wanda ya zauna da shi.

Asalin raini kuwa tsoho ne. Shi ne dai wanda ya daɗe tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya, wanda ke tashi duk lokacin da ƙungiyar waɗannan ma'aikata, JOHESU, ta shiga yajin aiki. Koyar da tsaftar baki an bar shi ga ma'aikatan da makarantar koyon aikin haƙori ta Inugu da irinta ke horarwa, an kuma ɗauke shi ƙaramin aiki saboda ba likita ke yin sa ba. Shi ya sa likitar da ta zaɓe shi ake ganin ta sauko daga bene. Najeriya ta ƙaddamar da manufar lafiyar baki ta ƙasa tun 2012, wadda ta ce a shigar da aikin cikin ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye. Ma'aikaciyar da ke auna jarirai a can tana ganin bakin yara ashirin kafin azahar, kuma tana jiran wanda ya san dasashi sosai ya zo ya nuna mata abin da za ta duba.