Matan Da Suka Tafi Kabari Da Asiri A Cikinsu

Ya ku malamai da fatake masu karatun wannan shafi, ku sani mayaƙa iri biyu ne. Akwai na fili, wanda ake buga wa ganga, kamar sojan ƙasar nan da suka je Bama. Akwai kuma na ɓoye, mai tafiya da sunan aro, wanda in ya mutu ko danginsa ba su san ranar ba. Wannan na biyu yana bin duniya bashi, balle in mace ce.

A cikin Yaƙin Hitila, shekarar 1940, Ingila ta kafa wata hukumar asiri mai suna SOE, domin ta riƙa shigar da mutanenta a ɓoye cikin ƙasashen da Jamus ta cinye. Sashenta na Faransa ya aika mata 39. Daga cikinsu 13 ba su komo ba.

Ɗayarsu ita ce Nurun Nisa, 'yar Inayat Khan, wani shehin Sufaye mutumin Indiya. An haife ta a Masko a 1914, ta girma kusa da Faris. A watan Yuni 1943 aka sauke ta cikin dare a Faransa, ita ce mace ta farko da hukumar ta tura can domin aikin wayar iska. Aikin nan babu kamarsa wajen haɗari, gama Jamusawa suna da motoci masu bin sawun waya. Ba ta daɗe da isa ba aka kame yawancin abokan aikinta. Ta ci gaba tana sauya masauki da akwatin wayarta a hannu, har watan Oktoba, sa'ad da aka sayar da ita saboda kuɗi.

Sau biyu tana ƙoƙarin gudu. Aka kai ta kurkukun Pforzheim a Jamus, aka sa mata mari hannu da ƙafa, ta yi wajen wata goma ita kaɗai. Bayan yaƙi, babban jami'in da ya tsare ta a Faris ya shaida cewa bai sami kome daga bakinta ba. Ran 13 ga Satumba 1944 aka kashe ta a Dachau, tare da Yolande Beekman da Eliane Plewman da Madeleine Damerment. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kowane ɗan kasuwa ya san ajiyar dukiya da nauyi, to ina ga ajiyar rayukan mutane alhali mai ajiyar tana cikin sarƙa?

Amma tunawa ta gaskiya ba yabo kaɗai ba ce. Jamusawa sun sami littafin da take rubuta saƙonninta, suka riƙa buga waya Landan da sunanta. Manyan Landan suka gaskata, suka ci gaba da aika mutane. Ta haka Madeleine Damerment ta sauka da laima a hannun abokan gaba a Fabrairu 1944. Wanda aka aika ya riƙe amana, masu aikawa suka yi sakaci. In an ambaci jaruntakar matan nan aka ɓoye wannan, an rage musu mudu.

Wata ma'aikaciyar hukumar, Vera Atkins, ita ta bi sawunsu cikin Jamus bayan yaƙi, tana tambayar fursunoni da masu gadi, har aka san makomarsu. A 1949 Ingila ta ba Nurun Nisa lambar George Cross. A 1991 aka gina dutsen tunawa a Valençay ta Faransa, da sunaye 104, na matan nan 13 suna ciki.

Saboda haka, malami in zai ba almajirai misalin riƙon amana, kada ya tsaya kan maza kurum. Ya kira sunayen matan nan, ya faɗi yadda suka mutu, ya kuma faɗi sakacin waɗanda suka aike su, domin shugabanni su ji tsoron haƙƙin ɗan aike. Wassalamu.