SHAWARA GA MANOMA DA MAKIYAYA: Sayen tsohon jirgin ruwa da kiyaye shi

Shawarar wannan wata ta mutanen bakin gulbi ce. A unguwar Talaje, cikin birnin Yamai, akwai magidanta waɗanda abincinsu ke fitowa daga gulbin Isa, wanda ake ce ma Kwara. Unguwar ba a bakin ruwa take ba, amma Saga da Gamkale ba su da nisa. Waɗansu suna noman shinkafa a fadamar Saga. Waɗansu suna da garka. Waɗansu suna yankan burgu suna saida ma masu dabbobi. Waɗansu kuma masunta ne. Da yawa cikinsu aikinsu ba ya tafiya sai da jirgin ruwa.

Gulbin Isa babba ne. Tsawonshi ya kai wajen kilomita 4,200, daga ƙasar Gine har teku. Cikin ƙasar Nijar kaɗai ya yi wajen kilomita 550, ya bi ta Ayoru, da Tilaberi, da Yamai, da Gaya. An buɗe gadar Kenedi a 1970, an ƙara ta biyu a 2011, ta ukku a 2021. Amma gada ba ta zuwa tsibiri, ba ta shiga cikin burgu. Don haka jirgi bai rasa aikin yi ba.

Sabon jirgi yana da tsada. Manyan itatuwan sassaƙa, kamar maɗaci, sun yi ƙaranci, katako kuma daga ƙasashen kudu ake kawo shi. Saboda haka talaka ya kan nemi tsohon jirgi. Wannan ba abin kunya ba ne. Tsohon jirgi mai lafiya yana ciyar da gida shekara da shekaru. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin da mai saye ya ba da ranar ciniki, ba su ne duka kuɗin jirgi ba. Sauran suna ɓoye cikin katako.

YADDA MUTANEN TEKU KE YI

A ƙasashen bakin teku akwai wani jirgi da ake kira katamaran. Jirage biyu ne sirara aka jera, aka haɗa su da itatuwa a gicciye, aka kafa masu babban zane, iska tana tura su. Sunan ya fito daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarshi itatuwan da aka ɗaure. Mutanen tsibiran tekun Pasifik sun yi doguwar tafiya da irinshi tun ba a ƙera inji ba. Yau ana ƙera shi a masana'antu, a Faransa da waɗansu ƙasashe, kuɗinshi kuwa ba na talaka ba ne.

Amma ga abin koyi. Wanda zai sayi tsohon katamaran ba ya biya sai an fid da shi daga ruwa. Sai shi kira gwani. Gwanin ya bi jikin jirgi da ƙaramar guduma, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Ya fi tsayawa wurin da aka haɗa abu da abu, domin nan ɓarna ke farawa. Abin da mai kuɗi ke yi a bakin teku, shi ne talaka zai yi a bakin gulbi. Guduma da kunne ba su da tsada.

KAMIN A BIYA KUƊI

1. Mai saye kada shi tafi shi kaɗai. Shi nemi masassaƙin jirgi, ko wani dattijo cikin Sarkawa. Goron da zai ba shi bai kai kuɗin katako guda ba.

2. A jawo jirgi bisa tudu, a kife shi. Jirgin da ke cikin ruwa ya ɓoye cikinshi. Mai jirgin da ya ƙi a kife, akwai abin da ba ya so a gani.

3. A ƙwanƙwasa ko'ina. Icce mai lafiya yana amsawa da ƙara. Ruɓaɓɓe kuwa muryarshi a dushe take, kamar an bugi buhun dusa.

4. A soka bakin wuƙa. In ta shige ba wuya, wurin ya ruɓe. A fi dubawa ƙasan jirgi, da goshi, da baya, da ƙarƙashin itatuwan da suka riƙe katako ta ciki. Nan ruwa ke kwana.

5. A duba ƙusoshi. Jan zane na tsatsa ƙarƙashin ƙusa alama ce ta cinye daga ciki. Katako na iya zama da lafiya, amma in ƙusa ta mutu jirgi zai buɗe.

6. A yi hankali da sabuwar kwalta da facin kwano. Waɗansu gyara ne na gaskiya. Waɗansu kuwa rufin asiri ne. A tambaya yaushe aka yi facin, kuma mene ne a ƙarƙashi.

7. A maida jirgi ruwa, a kwashe ruwan ciki ƙaf, a ɗora mashi kaya. A jira kamar daga azahar zuwa la'asar. Sa'annan a kwashe abin da ya shigo, ana ƙidaya ƙwarya nawa. Kowane jirgin katako yana ɗan tsatsafo. Amma wanda ke bukatar mutum guda aikinshi kwasar ruwa kaɗai, wannan ba jirgi ba ne, itacen wuta ne.

In jirgin mai inji ne, a tada injin da safe, yana sanyi. Injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonshi. A duba ruwan da yake tsartarwa ta baya: in ba ya fita, inji zai yi zafi shi ƙone. A kwance buji a gani, a duba farfela ko ta lanƙwashe. A tambayi makaniki ko ana samun kayan gyaran irinshi a kasuwa. Injin da babu kayanshi, ƙarfe ne kawai.

LISSAFI

Ga misali domin lissafi, ba farashin kasuwa ba ne. A ce ga jirgi biyu. Na farko jika 80, na biyu jika 120. Masassaƙi ya duba, ya ce na farko yana son katako da ƙusa da kwalta na jika 45, da kuɗin aiki jika 15. Na biyu kwalta kaɗai yake so, ta jika 5. Na farko ya tashi jika 140. Na biyu ya tashi jika 125. Ashe mai tsadar shi ne mai araha. Ba a ma sa kwanakin da jirgi zai yi bisa tudu ba ya aiki ba. Wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci zai iya wannan lissafi da alƙalami kamin shi buɗe aljihu.

Bayan ciniki a yi takarda. A rubuta sunan mai saidawa da na mai saye, da kuɗin, da rana, da abin da aka haɗa, kamar inji ko igiya. A sa shaidu biyu, a sanar da sarkin ruwa ko mai unguwa. Ana satar jirgi, ruwa kuma yana tsinke igiya shi tafi da shi. Takarda ce ke raba gardama. In mutum ukku ko huɗu suka haɗa kuɗi, su rubuta rabon kowa, su ajiye asusun gyara tun daga ranar farko.

KIYAYE JIRGI

Jirgi yana bin lokacin gulbi. A Yamai ruwa yana cika sau biyu. Akwai jan ruwa na damana, wajen Agusta da Satumba. Akwai kuma ruwan da ke zuwa daga Gine, wanda ke cika wajen Disamba da Janairu. Daga nan sai shi yi ta ja baya har Mayu da Yuni. A watan Yuni na 1985 gulbi ya tsaya cik a Yamai. A 2012 da 2020 kuwa ambaliya ta ci gidaje da gonakin shinkafa a Saga. Mai jirgi shi san wannan: lokacin gyara shi ne sa'ad da ruwa ya janye, ba ranar da ya cika ba.

Icce yana kumbura cikin ruwa, yana tsukewa cikin rana. Jirgin da aka bari bisa tudu cikin hunturu ko bazara, bakin katakonshi zai buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In tilas ne a fid da shi, a sa shi inuwa, a ɗora shi bisa duwatsu don kada gara ta hau, a rufe shi da zana. In za a maida shi, a bar shi shi sha ruwa kwana biyu ko ukku kamin a ɗora kaya.

Kowace rana a kwashe ruwan ciki, har na sama. A share yashi da ragowar ciyawa da kashin dabbobi, domin suna riƙe laima, laima kuwa ita ce uwar ruɓa. Kowace shekara a kankare tsohuwar kwalta, a cusa auduga ko tsumma cikin tsaga, a shafa sabuwa bisa busasshen katako. Kwalta bisa jiƙaƙƙen icce ba ta kamawa. Ƙusa guda in ta saki, a sauya ta ranar nan. Mai inji shi gauraya mai da esansi daidai yadda maƙeran injin suka faɗa, kada shi rage don tsimi.

JIRGI RAI YAKE ƊAUKA

A watan Mayu na 2021, wani jirgin katako ya nutse cikin wannan gulbi kusa da Wara, a jihar Kabi ta Najeriya. Ya ɗauko mutum fiye da 150. Fiye da 100 ba su koma gida ba. Hukuma ta ce an yi mashi lodi fiye da ƙarfinshi.

Tsohon jirgi ba ya ɗaukar abin da ya ɗauka yana sabo. Mai jirgi shi yi zane a jikinshi, inda ruwa zai tsaya. In ruwa ya kai zane, lodi ya ƙare, ko da surukinshi ne ke tsaye bakin gaɓa. Kada a tashi da dare, ko hadari ya haɗo. A ɗaure dabbobi kamin a tura jirgi. A nemi rigar ceto. In ba a samu ba, a ajiye jarkoki wofi masu marfi a cikin jirgi, domin suna riƙe mutum bisa ruwa.

Manomi ba ya sayen sa sai ya buɗe bakinshi. Makiyayi ba ya sayen saniya sai ya ga tafiyarta. Haka jirgi yake. A kife shi, a ƙwanƙwasa shi, a yi lissafi, a yi takarda. Wanda ya karanta wannan shawara shi karanta ma maƙwabcinshi. Allah shi kiyaye masu shiga ruwa, amin.