An bar jaki ana dukan taiki: kan cin zarafin ma'aikatan sashen gaggawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya suna shan duka ko mari a wani lokaci na aikinsu. Zagi da barazana kuwa sun fi haka yawa. A asibitocinmu abin ya fi ƙamari a sashen gaggawa, kuma galibi mai ɗaga hannun ɗan rakiya ne da tashin hankali ya rufe wa ido.

Fushinsa yana da tushe. Ya kawo mahaifinsa cikin dare, an ce babu gado, an miƙa masa takarda ya sayo safar hannu da ruwan ƙari, sai ga wanda ya zo bayansa an shige da shi. Babu wanda ya gaya masa cewa a wannan sashe tsananin ciwo ake bi, mai zubar jini yana gaban mai zazzaɓi ko da shi ne na ƙarshen zuwa. Sai ya ɗauka sanayya ce, ya huce a kan ma'aikaciyar jinyar da ba ita ta ƙayyade yawan gadaje ba. Washegari ita kuma ta fara neman hanyar Ingila ko Saudiyya, layin ya ƙara tsawo.

Gyaran farko ba ya cin kuɗi sosai: a ajiye ma'aikaci a ƙofa wanda aikinsa bayani ne da harshen da jama'a ke ji, a kuma taƙaita masu shiga da majinyaci zuwa mutum ɗaya ko biyu. Jira da bayani ya fi sauƙin haɗiyewa.

Na biyu shi ne kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta hana kowa kulawar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun lafiya a matakin farko domin hakan. Muddin kuɗin bai isa ɗakin magani ba, dokar ta bar likita ne tsakanin umarni da kanta mara kaya.

Na uku, hukunci. A wurinmu akan kashe maganar da "a yi haƙuri, rasuwa aka yi musu", ba tare da an rubuta komai ba. Ingila ta yi doka ta musamman a 2018 kan dukan ma'aikatan agaji, a 2022 ta kai hukuncin ɗaurin shekara biyu. Majalisun jihohinmu za su iya yin irinta, shugabannin asibitoci kuma su riƙa rubuta kowane farmaki, su shigar da ƙara da sunan asibiti maimakon barin wadda aka mara ta yi ta jelen caji ofis ita kaɗai.

Ta'aziyya haƙƙin mai makoki ce, kuma a ba shi ita cikakkiya. Amma hannun da ya kai wa mari shi ne zai sa wa majinyaci na gaba allura.